Daminar da Goggo Ba Ta Gida

Shekaranjiya da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, matar ɗana ta leƙo ɗakina da waya a hannu ta ce wai an rubuto a zauren matan unguwa cewa motar shara za ta shigo Tirwun, kowa ya fitar da tasa bakin titi. Kafin in gama ɗaura ɗankwali ta dawo ta ce an sake rubutowa, motar ta lalace, a mayar. Can kuma wata ta turo murya tana rantsuwa ita da idonta ta ga motar a Gwallaga tana lodi. Muka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, buhun shara a tsakaninmu, ruwa ya fara ɗigowa, ba mu san waje za mu yi da shi ko ciki ba. Yarinyar nan sai ta juya wajen maigidana, surukinta fa, yana tsugune yana alwala, ta ce, "Baba, ku me kuka ji a masallaci?" Shi kuma ya amsa mata ido cikin ido, har da yi mata tsiya. Ni dai na koma ɗaki na zauna bakin gado. Ban san dariya zan yi ko kuka ba, don wata damina ce ta faɗo mini a rai, wadda ta haura shekara talatin.

Lokacin muna cikin gari, a wani lungu bayan Ƙofar Dumi wanda ko amalanke sai ta karkace take shiga. Zamanin soja ne, ina da goyon fari. Mu huɗu ne manya a gidan: Baffa, mahaifin maigidana, ƙanwarsa Goggo Dudu, wadda ta riƙe gidan tun rasuwar matarsa, maigidana, tela ne a kasuwa, sai ni. Asalinsu Fulani ne. Shanu sun ƙare tun zamanin kaka, amma kunyar tana nan, ko ɗigo ba ta ragu ba. Maigidana ɗan fari ne, don haka Baffa bai taɓa kiran sunansa ba, ba sa cin abinci tare, in wannan ya shigo zaure wancan ya fita. Ni kuwa nawa ya fi. Da safe in durƙusa bayan ƙyaure in gaishe shi, fuskata a bango, ya amsa wa iska, shi ke nan mun gama maganar yini. Duk abin da ya wuce gaisuwa, Goggo ce ke ɗaukarsa ta kai, ta karɓo amsa ta kawo. In gishiri ya yi yawa a miya daga bakinta zan ji, in ina son zuwa gidanmu ita zan gaya wa. Ban taɓa ganin aibun wannan tsari ba, haka na tarar, kuma gidan yana tafiya.

A wancan zamani shara ba abin yarwa ba ce a wurinmu. Toka, kashin dabbobi, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, duk abin da tsintsiya ta tattaro, bayan ɗakina ake zubawa, a wani ɗan fili tsakanin bangon ɗakin da katangar gida. Shekara guda ake tarawa. Kafin ruwa ya sauka sai Malam Garba, wani manomi aminin Baffa, ya zo daga nan Tirwun da jakunansa da mangaloli, ya kwashe tas ya kai gona ya yi taki. Ba a sayarwa, ba a saye. Idan damina ta yi nisa ya aiko mana da ɗanyar masara, da kaka kuma damin dawa ya shigo gida. A gindin katangar wannan fili rariyar gidan take, ramin da ruwan tsakar gida duka yake bi ya fita kwata. Indararon ɗakina ma nan yake zuba.

Da bazarar shekarar nan, 'yar Goggo ta haihu a Darazo, ta tafi yi mata zaman jego. Tana ɗaure kaya ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini jujin da baki, ta ce kar in kuskura in taɓa shi, kar in bari kowa ya ɗiba, na Malam Garba ne, Baffanku ya ba shi baki. Ta ce kafin shuka ta dawo. To, ba ta dawo ba. Ƙafarta ta tashi a can, aka ce sai ta warke.

Zafin bazarar nan ban manta shi ba. Duwatsun Bauchi su sha rana su yini suna mayar mana da ita, bango ka taɓa kamar murhu, yarinyata duk ƙuraje sun feso mata a wuya. Randa sai an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Jujin kuwa ya yi tudu ya kusa kai ƙuguna, ya jingina da bangon ɗakina. Shekarar leda ta yi yawa a cikinsa, don a lokacin ne masu kayan miya da masu ƙosai suka daina ƙunshi da ganye da takarda, komai ka saya sai a baƙar leda. In iska ta taso su riƙa fal-fal a saman jujin kamar hankaki.

Wata rana da hantsi na ji kukan jaki a ƙofar gida, na ji muryar Malam Garba a zaure. Wayyo daɗi! Na yi maza na kawar da turmi da tukwane daga hanya, na dama fura na tura bakin ƙyaure, na shige ɗaki na saki labule don maza su wuce. Ina jin su suna magana ƙasa-ƙasa, ga rediyon Baffa yana ta surutu a kai. Aka jima. Sai na ji sallama, na ji sawun jaki yana nisa. Na ce a raina, ya zo sa rana ne. Washegari na sake kawar da turmi. Haka na yi ta kawar da turmin nan har na gaji.

Magina suka zo yaɓen damina kamar yadda aka saba, maza suka taru ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, ana miƙa curi, mu mata muna ɗibar ruwa. Suka yaɓe zaure, suka yaɓe ɗakin Baffa da na Goggo da gaban nawa. Da suka zagaya baya suka ga juji ya rufe bangon, suka ce sai an kwashe za su dawo. Ba wanda ya ce musu komai, suka wanke hannu suka tafi. Bangon nan shi ne abin da na kwana da shi na tashi da shi duk daminar. Ɗakin ƙasa ne, jerena yana jikinsa daga ciki, kwalla da fanteka da tasoshin da mahaifiyata ta yi shekaru tana tara mini, gadon da nake kwana da yarinyata kuma yana gindinsa.

Ruwan farko ya sauka da iska mai ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi, yaran unguwa suka fita tsirara suna tsalle. Ni ma na ji sanyi a raina, har sai da na zagaya baya. Indararo yana kwarara a kan jujin, jujin yana narkewa yana gangarawa bakin rariya. Na sa hannu na buɗe hanyar ruwan, na mayar da abin da ya gangaro saman tudun, don kar a ce na yi wa Malam Garba asarar taki. Kullum aka yi ruwa aikina ke nan, goyo a baya, zani a cinya.

Ta waje kuma magana ta yi yawa har ta rasa kai. Lokacin ne hukuma ta matsa a kan tsafta. Mota mai lasifika takan zo ta tsaya bakin titi, tun da lungunmu ba ya shiguwa, mu da ke cikin gida sai dai mu ji amo yana dukan katanga, kafin ka tsinci kalma biyu ta wuce. Rediyo yana zaure wajen Baffa. Sanarwar mai unguwa a masallaci ake yi, maza su ji, su tsaya hira, kafin su iso gida ta zube a hanya. Duba-gari ya zo sau ɗaya, a zaure ya tsaya, ya yi maganarsa da Baffa ya tafi. Mu da muke riƙe da tsintsiya ba wanda ya taɓa tsayawa gabanmu ya ce ga abin da ake so. Labarina duk daga Talatu nake samu, maƙwabciyata mai tuyar masa, ta kan katanga. Yau ta ce an ce a tara shara a gida mota za ta zo. Gobe ta ce an ce duk gidan da aka samu tarin shara za a kai maigidan kotu. Jibi an ce a ƙona. Gata an ce wanda ya ƙona soja za su sa shi tsallen kwaɗo. Na ce mata, Talatu, don girman Allah wanne ne a ciki? Ta ce oho, ita ma a bakin masu sayen masa take ji. Ita dai ta samo wa kanta mafita: da hadari ya kece ta juye kwandonta a kwata ruwa ya tafi da shi, kuma duk lungun haka ake yi. Ta ce in bi sahu in huta. Na ce namu da mai shi.

"Wane mai shi? Jujin ma?"

Na ce eh, jujin ma. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ni kuwa haushi kamar in jefe ta da ludayi.

Na tasa maigidana gaba. Na ce ya tambayi Baffa yaushe Malam Garba zai zo, in kuma ba zai zo ba a ba ni izini in kwashe. Ya dube ni kamar na ce ya shiga kasuwa ba wando. Ya ce shi ya tsaya gaban Baffa ya tambaye shi zancen alkawarin da ke tsakaninsa da amininsa? Ya ce a kasuwa ya ji ana cewa manoma sun fara gudun sharar gari, amma kuma wani ya ce masa ya ga jakuna suna ɗiba a wata unguwa, shi bai san na kamawa ba. Na ce to ɗakin ya faɗo mana a ka? Ya ce in sha Allahu ba zai faɗo ba. Na yi fushi na kwana biyu ba na amsa masa sai da ka. Aiken yaron maƙwabta wajen Baffa da irin wannan magana kuwa ko a mafarki, rashin kunyar ya fi na tambayar da baki. Daga ƙarshe maigidana ya ce ya samo dabara, ya gaya wa liman, liman zai san yadda zai ɓullo wa Baffa. Liman kuwa, Allah ya jiƙansa, sai ya tashi bayan sallar asuba ya yi wa jama'a duka wa'azi a kan tsafta, bai kama sunan kowa ba.

Da hantsin ranar na zagaya baya na tarar da sabon shebur da sabon kwando an jingine su a jikin jujin. Ba mai ajiye su sai Baffa. Na tsaya ina kallonsu, kaina ya ɗaure. Cewa yake in kwashe? In haka ne, in kai ina, kwata ko bakin titi ko wuta? Ko kuwa kayan aikin Malam Garba ne ya tanada, alamar mutumin yana hanya? Na auna na auna, na ga dattijo kamar Baffa ba zai saɓa alkawari ya kuma sa suruka ta zubar da shi a kwata ba. Na ɗauke shebur da kwando na sa a inuwa kar ruwa ya ɓata su. Har na ƙara gyara tudun ya yi kyau.

Ni ma na shiga yi masa nawa zancen kurame. Na fito da tabarmata da ta yi funfuna na shanya daidai inda yake wucewa zuwa banɗaki. Na kwaɓa ƙasa na lilliƙe tsagar da ta fito a bangon, na bar sawun yatsuna ɓaro-ɓaro yadda ko makaho zai shafa ya ji. Ya zo wucewa ya tsaya ya dubi bangon, ya dubi jujin, ya yi gyaran murya mai tsawo, ya wuce. Ina leƙensa ta labule. Gyaran muryar nan na yini ina juya shi, faɗa ne, ko tausayi, ko kuwa majina ce kawai.

Ana haka marka ta kama, ga abinci ya yi wuya. Hatsi ya hau, ɗinki ya tsaya, don wanda bai ci ba ba ya ɗinka riga. Kalanzir sai an yi layi, itace kuma jiƙaƙƙe, in hura in hura hayaƙi ya cika mini ido, tuwon dare ya koma na bayan isha. Da rana kwaɗon rama ko tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, in an samu garin rogo a jiƙa. Ina shayarwa, yunwa ta sa in na miƙe sai na dafa bango. Kwanon Baffa nake fara cikawa, shi kuma kullum ya dawo da rabi, ya ajiye bakin ƙyaure ba magana. Wannan kam na gane shi. Kuma gaskiya yunwar ta ƙara ɗaure mini hannu a kan jujin, don ina ganin in na zubar, da wane ido za mu karɓi masarar Malam Garba?

Rana ta ɓace kwana da kwanaki. Yayyafi ba ya tsayawa, wanki ba ya bushewa, zanin goyo sai in gasa shi a bakin murhu. Gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Jujin ya zama taɓo, yana wari mai tsami, gwazarma fari-fari suna juyi a ciki, ƙudaje da sauro kuwa ba a magana. Kwatar waje ta cika da ledar lungu duka, ruwanmu in ya fita rariya sai ya dawo. Daga cikin ɗaki danshi ya hau bangon har ya wuce kan gado, farar ƙasar da na shafa tana ɓarewa tana faɗo mana a shimfiɗa. Na ja gadon tsakiyar ɗaki. Jeren ne na rasa inda zan kai, ɗakin Goggo a kulle, mabuɗin yana ɗaure a bakin zaninta a Darazo.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne, bayan azahar. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina madafa ina fama da wuta, yarinyar tana bayana, don tun safe ta ƙi kwanciya. Sai na ji wani nishi mai nauyi, ba ƙara ba, kamar an sauke buhu daga mota, sannan tasoshina suka amsa gaba ɗaya. Na fito na ga sama ta cikin ɗakina. Bangon baya ya zauna, azara ta biyo shi, rufin ya rufta har kan gadon da na ja tsakiya. Na kai hannu baya na taɓa kan yarinyar. Na sake taɓawa. Na zauna cikin ruwan tsakar gida ina salati.

Maza suka cika gidan, aka aika kasuwa aka kira maigidana. Ana tono ana fito da kwanuka a lanƙwashe, Talatu tana karɓa tana kuka kamar nata. Ni ko hawaye babu. Ina nan zaune sai na ga ƙafafun Baffa a gabana, ba takalmi, taɓo har idon sawu. Na yunƙura zan juya fuska. Ya tsuguna, ruwa yana bin gemunsa, ya dubi yarinyar, sannan ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗiyata, ai Garba ya ce ba zai zo ba. Tun ranar da ya zo da jaki. Ya ce leda tana kashe masa gona. Na ɗauka an ji daga zaure."

Ya ce da ya ga an bar jujin, sai ya zaci ƙarfi ne ba ni da shi saboda goyo, ya kuma ji nauyin ya sa a ce mini in kwashe, kar ya zama ya kira 'yar mutane ƙazama. Shi ya sa ya sayo shebur, ko mijina zai gani ya kama mini. Da ya ga an ɗauke an adana, shi ma kansa ya ɗaure.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baffa, wa zai gaya mini?"

Ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama, kamar mai neman wani a cikin taron. Idonsa ya sauka kan ɗansa, ɗansa ya sunkuyar da kai. Ya dubi ƙofar Goggo da kwaɗo a jiki. A nan ne kukan ya zo mini, kuma har yau in aka tambaye ni da wa nake fushi a ranar, ba zan iya faɗa ba. Na duba duka gidan ban ga wanda ya yi mugunta ba, ga kuma ɗakina a ƙasa.

Kafin magariba Baffa ya kwashe buzunsa da butarsa da rediyonsa ya koma zaure, ya bar mana ɗakinsa. Maigidana ya aika liman ya roƙe shi ya dawo, ya ƙi. A zauren nan mai yoyo ya ƙarasa damina, tsoho da shi, yana tari. Jujin da ƙasar bangon kuwa sun riga sun haɗe, matasan lungu suka yini biyu suna kwasa da kwanduna zuwa bakin titi, suka haɗa da yashe kwata. Sheburin Baffa da shi aka yi aikin.

Na zaci daga ranar mun koma yadda muke, don washegari da na durƙusa bayan ƙyaure na gaishe shi, iska ya amsa wa kamar kullum. Sai bayan 'yan kwanaki, da safe ina shara, na ji sawunsa ya shigo tsakar gida ya tsaya. Na duƙar da kai ina jira ya wuce, bai wuce ba. Ya juya mini baya, ya fuskanci akuyar da ke ɗaure a turke, ya yi gyaran murya, ya ce mata da ƙarfi:

"An faɗa a masallaci, ran Asabar mota za ta tsaya bakin titi da safe. A fitar da shara a buhu. An ce kar a zuba a kwata."

Akuya tana ta tuƙa abinta. Ya tsaya bai tafi ba, hannayensa a baya, yana jan carbi. Na gane jira yake. Na gyara goyona, na dubi akuyar ni ma, na ce mata, "An ji, Allah ya ƙara girma."